Shin Sarki Kustantin ne ya yaɗa addinin Kirista da ƙarfin mulki?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na sha jin ana cewa ba don Sarki Kustantin na Rum ba, da addinin Kirista bai kai ko'ina ba, wai shi ne ya ɗora wa mutane shi da ƙarfin sarauta. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, yaya aka yi 'yan tsirarun mutane daga Falasɗinu suka cika daular Rumawa?"

Malam, maganar da ka ji tana da ƙamshin gaskiya, sai dai daga tsakiya aka kama labarin. Annabi Isa, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, ya yi wa'azinsa ne wajen shekara ta 30 Miladiyya. Kustantin kuwa bai karkata ga addinin ba sai a 312. Tsakanin nan akwai shekara kusan 280 da mabiyan ba su da soja, ba su da baitulmali, ba su da sarki ko ɗaya a daular, kuma lokaci zuwa lokaci hukuma takan kama su ta kashe. Yawancin amsar tambayarka tana cikin waɗannan shekarun. Zan tsaya a kan abin da tarihi ke iya nunawa. Batun aƙida, da inda Musulmi da Kirista suka saɓa a kan Almasihu, wannan fagen malaman addini ne.

Mu fara da yawan mutane. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce mabiyan da suka taru a Urushalima tun farko kimanin 120 ne. Daular Rum a lokacin ana ƙiyasta mutanenta da miliyan 60. Ba a taɓa ƙidaya Kiristocin wancan zamani ba, amma masana da yawa suna ganin zuwa shekara ta 300 sun kai tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato miliyan 3 zuwa 6. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Rodney Stark, ya yi lissafi mai sauƙi: in aka ɗauka su 1,000 ne a shekara ta 40, suna ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma, to a shekara ta 100 za su kasance kusan 7,500, a 200 sun haura 200,000 kaɗan, a 250 sun wuce miliyan ɗaya, a 300 sun kai miliyan 6. Wannan lissafi ne kawai, ba ƙidaya ba ce, kuma yaɗuwar addini ba ta tafiya a miƙe haka. Amma amfaninsa babba ne. Kashi 40 a shekara goma yana nufin ikilisiya mai mutum ɗari ta ƙaru da mutum uku ko huɗu a shekara. Ba a buƙatar gangamin dubbai, ba a buƙatar takobi. Matar wani, bawan wani, maƙwabcin wani, sun isa. Da yayyafi kogi kan cika. Ya kuma bayyana mana dalilin da ya sa marubutan Rumawa suka yi kusan shekara ɗari ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sannan kwatsam a ƙarni na uku sarakuna suka ga ya zama matsalar ƙasa.

To ta ina suka bi? Daular ta haɗe duk gaɓar Bahar Rum ƙarƙashin hukuma ɗaya, da hanyoyin dutse da aka yi don sojoji, da jiragen ruwa masu jigilar alkama daga Iskandariya zuwa Italiya. A gabashin daular kuma Girkanci ne harshen kasuwa, tun zamanin Iskandar mai nasara. Mutum zai tashi daga Antakiya ya isa Afisa, ya tsallaka Korinti, ya sauka Roma, duk da harshe ɗaya. Littattafan Sabon Alkawari duk da Girkanci aka rubuta su, kuma har cikin birnin Roma da Girkanci ikilisiya ta riƙa ibada fiye da ƙarni biyu kafin Latin ya karɓe.

Amma hanya kowa ma yana da ita. Abin da masu wa'azin farko suka samu wanda wasu ba su samu ba shi ne majami'un Yahudawa. Tun ƙarnoni kafin haihuwar Almasihu Yahudawa sun bazu a biranen Masar, da Sham, da Asiya Ƙarama, da Girka, da Roma, har sun fassara Attaura zuwa Girkanci a Iskandariya wajen ƙarni na uku kafin Miladiyya. Wanda ya san yadda farke yake sauka a zango a Kumasi ko Salaga, ya tarar da mai masauki da masallaci da masu jin harshensa, zai gane abin nan da nan. Bulus, fitaccen mai wa'azin Kiristanci na farko, in ya shiga gari majami'a yake fara nema ranar Asabar. A gefen majami'un nan kuwa akwai waɗansu mutane da ba Yahudawa ba, waɗanda tauhidin Yahudawa da tarbiyyarsu suka burge su, suna zuwa sauraren karatu, amma sun tsaya a bakin ƙofa saboda kaciya da dokokin abinci. Ga babban mutum Bagirke, kaciya abin kunya ce kuma abin tsoro. Wajen shekara ta 49 aka yi zama a Urushalima tsakanin Bulus da Barnaba da Bitrus da Yakubu, aka tsayar cewa wanda ba Bayahude ba zai iya shiga ba tare da kaciya ba. Gardamar ba ta mutu nan take ba, wasiƙar Bulus zuwa Galatiyawa cike take da zafinta. Amma a ganina babu wata shawara ɗaya da ta fi wannan tasiri a duk tarihin yaɗuwar addinin. Da ba a yi ta ba, da wuya ya wuce matsayin ƙungiya a cikin Yahudanci, musamman bayan sojojin Rum sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70.

Sunan Bulus ya danne na kowa saboda wasiƙunsa ne suka tsira. Amma dubi wasiƙarsa zuwa Romawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 57. Bai taɓa taka birnin ba a lokacin, ga shi kuma ya tarar da ikilisiya ta riga ta kafu, har a babi na ƙarshe ya gai da mutum sama da 20 da sunayensu, kusan kashi ɗaya cikin uku mata ne. Wa ya kai addinin Roma? 'Yan kasuwa, da bayi, da masu sana'a, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba. A Korinti ma Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi yana ɗinkin tanti a wurin Akila da matarsa Firiskila, waɗanda aka koro daga Roma zamanin Sarki Kalaudiyas. A Filibi kuwa mace ce mai sayar da tufafin shunayya, Lidiya, ta fara karɓa, aka yi mata baftisma ita da mutanen gidanta. Ka lura da wannan kalma, "mutanen gidanta". Gidan Barume ya haɗa da 'ya'ya da bayi da 'yantattun bayi da barori, in maigida ko uwargida ta juya, sau da yawa gidan duka ne ya juya. A gidajen nan ake taruwa. Mafi daɗewar ginin coci da masu haƙa suka tabbatar shi ne na Dura-Yurofos a bakin kogin Furat, a Siriya ta yau, kuma gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240: aka rushe bango tsakanin ɗaki biyu don a sami zauren da zai ɗauki mutum sittin zuwa saba'in, aka mayar da wani ƙaramin ɗaki wurin baftisma.

Abokan hamayyarsu sun ga wannan sarai. Selsus, wani masanin falsafa da ya rubuta raddi a kansu wajen shekara ta 178, ya yi musu ba'a cewa masu wa'azinsu masaƙa ne da dukawa da masu wanki, waɗanda ba sa iya buɗe baki a gaban iyayen gidansu, sai sun keɓe da yara da mata sannan su fara zuba. Cin mutunci ya yi niyya, amma ya bar mana hoton yadda abin yake tafiya. Akwai kuma wata takarda da nake yawan komawa gare ta. A watan Mayu na 303, jami'an hukuma suka shiga gidan taron Kiristoci a Sirta, birnin da yanzu ake kira Kusantina a Aljeriya, suka rubuta duk abin da suka kwashe. Bayan kofunan zinariya biyu da na azurfa shida, sai ga tufafi: rigunan mata 82, mayafai 38, rigunan maza 16, takalman maza ƙafa 13, na mata ƙafa 47. Ga alama kayan rabo ne ga mabuƙata. Magatakardan da ya rubuta bai san yana ajiye mana shaida a kan abu biyu ba: cewa cocin rumbun taimako ce, kuma cewa mata ne suka fi cin moriyarsa.

Taimakon nan ba ƙaramin abu ba ne a biranen da babu asibitin talaka, babu gidan marayu, kuma gwauruwar da ba ta da ɗa namiji bara ce makomarta. A shekara ta 251 Karniliyus, bishof na Roma, ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana da limamai 46, tana kuma ciyar da gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500. Annoba biyu manya sun ratsa daular, ɗaya daga 165, ɗaya daga wajen 250. Diyonisiyus, bishof na Iskandariya, ya ba da labarin yadda a ta biyun mutane suke jefar da 'yan'uwansu a kan hanya tun ba su cika ba, Kiristoci kuwa suna jinyar nasu har da yawa suka kamu suka mutu. Ba shakka shaidar ɗan gida ce, yana yabon nasa. Amma ga ta abokin gaba: Sarki Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar alloli, ya rubuta wa babban limamin gumaka na Galatiya a 362 yana ƙorafin cewa abin kunya ne a ce waɗannan mutane suna ciyar da matalautansu, har ma da namu. Marar lafiyar da aka ba ruwa da kunu ya fi wanda aka gudu aka bari damar tashi, kuma in ya tashi ya san wa ya tsaya masa. Sannan Kiristoci sun haramta jefar da jarirai, abin da dokar Rum ba ta hana ba, kuma 'ya'ya mata ne suka fi faɗawa ciki.

Duk da haka, kada a ɗauka kirki kaɗai ne ya jawo mutane. In ka karanta abin da su kansu Kiristocin suka rubuta game da yadda ake tuba, abin da ya fi yawa shi ne warkarwa da fitar da aljanu da mafarki da tsoron ranar shari'a. A jerin ma'aikatan da Karniliyus ya lissafa har da masu fitar da aljanu. Mai tarihi ba shi da ma'aunin da zai gwada mu'ujiza, amma yana iya cewa mutanen wancan zamani sun gaskata, kuma sun gaya wa maƙwabtansu.

Akwai kuma wani abu da masu karatun yau kan tsallake, domin mun saba da shi. A duniyar Rumawa addini ba ya kishi. Mutum yana bauta wa Jufita, ya ƙara da Isis ta Masar, soja ya haɗa da Mitra, babu wanda ya ce ya bar na farko. Saboda haka duk yadda bautar Isis ta bunƙasa, ba ta rage wa sauran alloli ko mutum ɗaya ba. Yahudawa suna da tauhidi amma ba su cika fita neman mabiya ba. Kiristanci ne ya haɗa biyun: yana neman kowa, kuma wanda ya shiga dole ya saki duk sauran. Kowane sabon Kirista ragi ne na dindindin ga haikalin gumaka, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Shiga ɗin ma ba ta da arha, a wasu wurare sai an yi shekara biyu ko uku ana koyar da mutum ana duba halinsa kafin baftisma. Wanda ya sha wannan wahala ba ya fita da sauƙi.

Wannan ƙin ne ya jawo musu tsanani. A idon Barume, hadaya ga alloli da ƙona turare a gaban siffar sarki alamar biyayya ce ga ƙasa, wanda ya ƙi kuwa yana jawo wa gari fari da annoba. Sarki Niro ya ɗora musu laifin gobarar Roma a 64, marubucin tarihi Tasitus ya rubuta yadda aka ƙona wasu da dare a matsayin fitila. Amma takardar da ta fi nuna yadda abin yake a kullum ita ce wasiƙar Filini, gwamnan Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, zuwa ga Sarki Tirajan wajen 112. Ya ce yakan tambayi wanda aka kawo sau uku ko shi Kirista ne, in ya nace sai a tafi da shi a kashe. Ya azabtar da kuyangi biyu masu hidima a ikilisiya don ya ji sirrin, bai sami komai ba sai cewa suna taruwa a wata rana kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar ga allah, su yi rantsuwar ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci. Abin da ya dame shi shi ne abin ya wuce birane ya shiga ƙauyuka, haikalai sun kusa zama kango, masu sayar da naman hadaya sun rasa ciniki. Tirajan ya amsa cewa kada a bi su farauta, kada a karɓi takardar ƙara marar suna, wanda kuma ya yi hadaya a sake shi.

Haka aka yi ta tafiya, tsanani nan da can: Liyon a 177, Kartaj a 180 da 203. Orijin, malamin Iskandariya, ya faɗa da bakinsa kafin 250 cewa waɗanda aka kashe saboda addinin ba su da yawa, ana iya ƙirga su. Sarki Disiyus ne ya fara abin da ya game daula a 250, ya ce kowa ya yi hadaya a gaban jami'ai a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu sama da 40 a yashin Masar, kowace tana cewa mai ita ya zuba abin sha, ya yi hadaya, ya ɗanɗani naman, ga sa hannun shaidu a ƙasa. Shi ne Daƙyanus da masu tafsiri da dama ke ambata a ƙissar As'habul Kahfi, kuma Kiristocin Sham suna da labarin samarin Afisa da suka ɓuya a kogo a zamaninsa. Kiristoci da yawa sun yi hadayar, wasu sun sayi takardar da cin hanci, abin da ya haifar da rigima mai zafi a kan ko za a sake karɓarsu. Ana yawan cewa jinin shahidai ne ya yaɗa addinin. Ni ina ganin ya fi ƙarfafa na ciki fiye da jawo na waje. Tsananin ya isa ya ba su jarumai, bai daɗe ba har ya ƙare su. Mafi muni shi ne na Sarki Diyokiletiyan daga Fabrairun 303, aka rushe coci-coci aka ƙona littattafai, amma a 311 Sarki Galeriyus, wanda ya fi kowa zafi a kai, ya janye dokar yana kan gadon mutuwa.

Sai Kustantin. Ya ci yaƙin gadar Milbiya a 312 yana ganin Allahn Kiristoci ne ya ba shi nasara. Yarjejeniyar Milan ta 313 'yancin ibada ta ba kowa, har da masu gumaka, ta kuma mayar wa coci kadarorin da aka ƙwace. Bai mai da Kiristanci addinin hukuma ba, ya daɗe yana buga allahn rana a kuɗinsa, baftisma ma sai dab da mutuwarsa a 337. Abin da ya yi shi ne ya buɗe baitulmali: ya gina manyan coci-coci a Roma da Urushalima, ya ɗauke wa limamai wajibai na hukuma, ya mai da Lahadi ranar hutu a 321, ya tara bishof-bishof a Nikiya a 325. Taron nan, tunda ana yawan kawo shi, rigimar wani limami mai suna Ariyus a kan matsayin Almasihu ya zauna a kai da lissafin ranar Ista. Ba a can aka zaɓi littattafan Linjila ba, Iraniyus na Liyon ya riga ya lissafa guda huɗun tun wajen 180.

Daga nan ne maganar da ka ji take da ƙafa. Da zarar addinin sarki ya zama hanyar samun muƙami, masu shiga suka yi yawa, na gaskiya da na ganin ido. Sarki Tiyodosiyus ya ayyana aƙidar Nikiya a matsayin ta daula a 380, ya haramta hadaya a 391 da 392, a wannan tsakanin aka rushe babban haikalin Serafis a Iskandariya. Sarki Jastiniyan a 529 ya umarci sauran masu gumaka su yi baftisma ko su rasa dukiyarsu. Ƙarfin hukumar bai tsaya kan masu gumaka ba, Kiristocin da suka saɓa wa fada, irin 'yan Donatus na Arewacin Afirka, su ma sun ɗanɗana. Duk da haka ƙauyuka, musamman a yammacin daular, sun ƙara ƙarnoni suna yanka wa allolin gonakinsu.

In kana son gwada maganar da kyau, ka duba inda hannun Rum bai kai ba. A Aksum, Habasha da Eritiriya ta yau, wani yaro ɗan Taya mai suna Furumentiyus aka kama daga jirgin ruwa a Bahar Maliya, ya girma a fada, ya fara da tattara fataken Rum Kiristoci yana samar musu wurin addu'a. Daga baya Atanasiyus, bishof na Iskandariya, ya naɗa shi bishof, Sarki Ezana ya karɓi addinin wajen 330 zuwa 340, kuɗinsa suka sauya daga jinjirin wata da faifan rana zuwa gicciye. Da ɗan Kustantin ya aiko wasiƙa yana neman a mayar da Furumentiyus Masar a binciki aƙidarsa, babu alamar an kula shi. Wannan masarautar ce Sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta wajen Najjashi a 615. Nubiya, a Sudan ta yau, ta karɓa daga wajen 543, masarautunta na Kirista suka yi kusan shekara dubu.

A Farisa kuwa juyawar Kustantin masifa ta zamar wa Kiristoci. Sun daɗe a can, masu Siriyanci daga Edesa da fursunonin yaƙin da sarkin Farisa Shafur na Ɗaya ya kwaso daga Antakiya. Da abokin gaba ya zama Kirista, sai Shafur na Biyu ya fara kallonsu a matsayin 'yan leƙen asirin Rum, daga wajen 340 ya ninka musu haraji, ya kashe babban bishof ɗinsu da dubban mabiya. Wannan ikilisiyar, wadda ba ta taɓa samun sarkin Farisa ko ɗaya a cikinta ba, ita ce ta bi ayarin fatake ta Marw da Samarkand. Wani dutse da aka kafa a birnin Shi'an na ƙasar Sin a 781, da rubutun Sinanci da Siriyanci, ya ce wani mai wa'azi da ake kira Alofen ya iso babban birnin Sin a 635, kuma bayan shekara uku sarki ya ba da izinin gina gidan ibada mai sufaye 21.